Tiyatar Ƙarin Tsawo da Wahalar Sake Koyon Tafiya

Tiyatar ƙarin tsawo aiki ne da likita ke yanke ƙashin ƙafa da gangan, sannan a riƙa nisanta ɓangarorin biyu sannu a hankali domin jiki ya cike giɓin da sabon ƙashi. Likitan da ya kafa wannan hanya shi ne Gavriil Ilizarov, wanda ya yi aiki a garin Kurgan na tsohuwar Tarayyar Sobiyet tun farkon shekarun 1950. Majinyatansa mutane ne da karayarsu ta ƙi ɗoruwa, ko waɗanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Sunansa ya bazu bayan 1968, lokacin da ya yi wa Valeriy Brumel aiki, zakaran tsallen sama na gasar Olamfik ta 1964 wanda haɗarin babur ya ragargaza wa ƙafa. Aikin jinƙai ne tun asalinsa, kuma har gobe shi ne mafita ga wanda aka haifa da tawaya, ko wanda mummunan ɗori ya bari da ɗingishi. Abin da ya sauya shi ne yadda asibitocin kuɗi a Amurka da Turkiyya da Indiya da wasu ƙasashe ke sayar da shi ga mutanen da ƙafafunsu lafiya lau, galibi samari, don kawai ba su gamsu da tsawonsu ba.

A da, zobban ƙarfe ake ɗaura wa ƙafar daga waje, da wayoyi da suka huda fata suka ratsa ƙashi. Yanzu masu hali sun fi zaɓar sandar ƙarfe da ake zurawa cikin ramin ɓargo, irin Precice da hukumomin Amurka suka amince da ita a 2011, wadda ake miƙar da ita da maganaɗisu daga waje. Ko wacce aka bi, ƙa'idar ɗaya ce. Bayan kimanin mako guda da tiyata sai a fara ja, milimita ɗaya a rana, a rarrabe sau uku ko huɗu. Ƙashin cinya kan ɗauki ƙarin da ya kai santimita 8, na ƙwauri kuma bai cika wuce 5 zuwa 6 ba. Ke nan mai neman santimita 8 zai shafe kwana 80 ana jan ƙafarsa.

A waɗannan kwanaki ne wahalar take, kuma ita ce masu talla ba sa nunawa. Ƙashi yana yarda ya tsiro, amma tsoka da jijiya da agara ba sa bin sa cikin sauƙi. Kullum sai sun ƙara ɗaurewa. Gwiwa takan ƙi lanƙwasuwa, agara takan janye dunduniya har ta kasa taɓa ƙasa, ƙugu ya karkata gaba. Don haka majinyaci ba shi da hutu daga gashin ƙashi kusan kowace rana, inda ma'aikaci zai danne cinya da hannu ɗaya, ya tura ƙafar da ɗayan har inda mutum zai iya jurewa, ya sake maimaitawa. Da dare kuma zogi kan hana barci. Tunda ƙafafu biyu ake yi wa aiki lokaci guda, babu lafiyayyiyar da za a dogara a kanta. Saurayin da ya shiga asibiti da ƙafarsa sai ya koma keken guragu, sai an taimaka masa ya shiga bayi, sai an miƙo masa ruwa. Idan Musulmi ne, sallarsa ta koma ta zaune na tsawon lokaci, domin gwiwar da ta sandare ba ta kai mutum sujada.

Ranar da aka daina ja ba ita ce ranar warkewa ba. Sabon ƙashin yana da taushi, kuma yakan ɗauki watanni kafin hoto ya nuna ya yi ƙwarin da zai ɗauki nauyin jiki. Daga keke sai a koma abin dogarawa mai ƙafa huɗu, daga nan sanduna biyu, sannan ɗaya. Ko da aka ajiye sanda, tafiyar farko irin ta agwagwa ce, jiki na rangaji dama da hagu saboda tsokokin ƙugu sun yi rauni. Hawa bene da tsugunno da gudu su ne na ƙarshen dawowa, wasu sai bayan shekara, wasu kuma ba sa sake samun zafin naman da suke da shi a da. Bayan shekara ɗaya ko biyu akwai wata tiyatar ta cire ƙarfen.

Wannan idan komai ya tafi daidai ke nan. Akwai ciwon da ke kama ramukan wayoyi ya yi mugunya, akwai ƙashin da ke ƙin haɗewa, akwai lalacewar jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa har mutum ya riƙa jan ta a ƙasa. Mafi muni shi ne gudan jini ko kitsen ɓargo ya bi jini ya toshe huhu, abin da kan iya kashewa. Yawan nakasar da aka gani ne ya sa ma'aikatar lafiya ta ƙasar Sin ta hana yin wannan tiyata don kwalliya a 2006. Kuɗinta kuwa a Amurka dubban daloli ne masu yawan gaske, shi ya sa da yawa ke tafiya inda ta fi araha, su dawo gida da ƙarfe a ƙafa, nesa da likitan da ya sa shi.

Ba daidai ba ne a yi wa masu neman wannan aiki dariya. Wanda ya yarda a karya masa ƙafa biyu ba ƙaramin gori ya sha ba, daga abokan makaranta zuwa wajen neman aure. Masu mayar da gajarta abin zolaya suna da kaso a wannan ɓarna, ko da sun ɗauka wasa suke yi. Sai dai raunin da ke zuciya ba lallai ne ƙarin ƙashi ya warkar da shi ba, musamman ga mai larurar ƙin siffar jikinsa, wanda likitan ƙwaƙwalwa ya fi buƙata. Malaman Musulunci ma sun bambanta gyaran tawaya da sauya lafiyayyiyar halitta don son rai, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta bayyana a ƙudurinta na 2007 kan tiyatar kwalliya.

Nauyi mafi girma yana wuyan likita, domin shi ya san abin da majinyaci bai sani ba. Hoton saurayi yana murmushi kusa da ma'aunin tsawo ba bayani ba ne. Likitan da ya karɓi kuɗi bai zaunar da mutum ya gaya masa watannin keke, da yiwuwar nakasa, da cewa wataƙila ba zai sake gudu kamar da ba, kuma bai tura shi an duba lafiyar tunaninsa ba, ya ci amanar aikinsa, ko da tiyatar ta yi kyau.