Taurarin Da Ke Duban Gonaki

Tun zamanin kakanni manomi ne ke ɗaga kai ya dubi taurari domin ya san lokacin shuka. Yau kuwa al'amari ya juya, akwai taurarin da ɗan Adam ya ƙera ya harba sama, su ne ke duban gonaki. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, daidai lokacin da fari ya kama ƙasashen bakin Sahara. Nijeriya ta samu nata, NigeriaSat-1, a 2003. Ƙasashen Turai kuma suka soma harba Sentinel-2 a 2015, waɗanda kan ɗauki hoton wuri guda kowane kwana 5.

Hikimar abin ita ce, ganye mai lafiya yakan shanye jan haske, ya mayar da wani haske wanda idon mutum ba ya gani. In ƙishirwa ta kama shuka sai abin da take mayarwa ya ragu. Na'urar tauraro ta auna, masana su gwada da na shekarun baya, su gane jihar da damina ta yi gardama tun gero bai fid da kai ba. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 saboda wancan fari, tana cikin masu wannan aiki. Lalle kuwa ana bukatarsa, gama yanayi ya sāke. Zafi ya ƙaru, ruwa kan zubo da ƙarfi lokaci guda har ya ci gona, sa'an nan ya ɗauke ana tsakiyar bukatarsa.

To, amma ya kamata mahukunta su tuna da 2005. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a Nijar, ga fara kuma ta sauka. An gani, an yi gargaɗi, gwamnati ta nemi agaji tun shekarar ba ta ƙare ba. Agajin kirki bai iso ba sai wajen Yuli na 2005, bayan duniya ta ga hotunan yaran Maraɗi sun rame. Abin takaici, hatsi yana nan a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Tauraro kuwa ba ya ganin kuɗin tiya, ba ya ganin magidancin da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe.

Ko a gonar ma ganinsa da iyaka. A watan Agusta, lokacin da aka fi son labari, gizagizai kan rufe masa ido. Gonar talaka ƙarama ce, ga gero ga dawa ga wake a haɗe, kuma daga can sama kore duk kore ne, ko na hatsi ko na ciyawa. Sai malamin gona ya taka da ƙafarsa ya tabbatar, shi kuwa a ƙauyuka da yawa akan shekara ba a gan shi ba.

Saboda haka kuɗin da ake kashewa wajen hotuna ya kamata a kashe kamarsa a ƙasa. A ƙara malaman gona, a ba su abin hawa. Rahoton da ke tsayawa a ofis cikin Turanci ko Faransanci a karanta shi a rediyo da Hausa, da Barbarci, da Fillanci. Rumbunan gwamnati kuma a cika su da kaka, lokacin da hatsi ke araha, a buɗe su a jihar da hoto ya nuna tun tiya ba ta ninka kuɗinta ba.