Kwalejin Barewa Ta Su Wa Ce?

Jama'a, duk ran da aka ta da maganar ilmi a Arewa sai wani babba ya gyara zama ya ce, ai muna da Barewa. Daga nan sai lissafi: Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa. To, mun ji, ba mu musa ba. Amma ku 'yan kasuwa kun sani ba a sayen gero don kyan na bakin buhu, sai an zura hannu an taɓo na ƙasa.

Bari mu ba ta hakkinta tukuna. A Katsina aka kafa ta cikin 1921 don horon malamai, aka kai ta Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949, sunan Barewa kuwa sai 1971. Ta haɗa yaron Bauci da na Sakkwato da na Ilori a ɗakin kwana ɗaya, suka san juna tun suna ƙanana, suka iya Ingilishi da lissafi. Kuma ba masu mulki kaɗai ta yaye ba. Malam Sa'adu Zungur ɗanta ne, Malam Aminu Kano ma ɗanta ne. Watau har abin da Turawa ba su shuka ba ya tsiro a gonarsu. Wannan alheri ne, kowa ya hana ta shi ya yi zalunci.

Amma fa a dubi ƙofarta. 'Yan mishan sun buɗe sakandare a Ikko tun 1859, gwamnati ta yi King's College cikin 1909. Mu sai da aka shekara 62 bayan ta farkon aka ba mu kwaleji guda, ga Jihar da ta fi sauran biyu faɗi ko an gama su. Hanyar shiga kuwa ta elementare ce da midil, su kuma suna hannun En'e. Wa hakimi zai fara tunawa, ɗan mai sayar da daddawa ko ɗan magatakardansa? Za a ce Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne. Gaskiya ne, amma irinsa nawa aka bari a gona? Kuɗin da aka riƙe kwalejin da su kuwa haraji ne da jangali, na manomi da makiyayi, waɗanda ko ginin ba su taɓa gani ba. 'Ya'ya mata ba a ma zancensu: sai 1956 aka buɗe musu ta Sarauniya a Ilori.

Yanzu ƙofar makarantun gwamnati ta buɗe, ɗan talaka ya shiga. Sai me ya faru? Sai manya suka kwashe nasu suka kai makarantun kuɗi, waɗansu har Ingila. A tambayi kowane mai bugun ƙirji da Barewa, ina ɗansa yake karatu bana? Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai takan kawo gudummawa, Allah ya saka musu, amma kyauta ba ta zama kasafin kuɗi, kuma yaro ba ya cin jarrabawa da sunan Gowon.

Makarantar tana hannun Gwamnatin Jihar Kaduna, don haka ita muke tambaya. A buga mana a fili, da Hausa, yara nawa suka zauna jarrabawar WAEC, nawa suka ci Ingilishi da lissafi. A faɗi malaman kimiyya nawa ne, kuma yara nawa ke gaban kowane malami. A faɗi abin da aka ware don abincin yaro ɗaya a yini, da sunan ɗan kwangilar da ya karɓa. In alkaluman masu kyau ne, mu ne farkon masu yabo a wannan shafi.

Ku kuma iyaye, ran ziyara kada ku tsaya a ofishin shugaba. Ku leƙa ɗakin kwana, ku leƙa madafa, ku murɗa famfo ku ga ko ruwa zai zo, sa'an nan ku kai wa sakataren reshenku labarin abin da kuka gani.