An Saka Tankar Romaniya a Wasa, To Ina Odesa?

Muƙalarmu ta wannan makon a kan wasan kwamfuta take, kuma mun san wasu za su ce me ya haɗa marubuci da wasan yara. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mana hukunci.

Kamfanonin da ke yin wasannin Yaƙin Duniya na Biyu sun fi son manyan ƙasashe. Lokacin da Company of Heroes ya fito a 2006, Amurka da Jamus kaɗai mutum zai iya ɗauka. Masoyan wasan ne suka zauna da kansu, ba wanda ya biya su ko sisi, suka ƙara rundunar Tarayyar Sobiyet. Irin wannan ƙarin shi 'yan wasa ke kira mod. Ta wannan hanya ce wasu masoyan ke shigar da sojojin Romaniya cikin wasannin da aka manta da su: su zana kakin sojan da hularsa ta kwano, su ƙera tankar R-2 wadda asalinta ƙirar Cekoslobakiya ce, su sa jirgin IAR 80 da aka ƙera a garin Brashob, su naɗi murya da harshen ƙasar, sannan su auna ƙarfin kowane makami don kada wani ɓangare ya fi ƙarfin wani.

Mun yaba da wannan aiki, domin Romaniya ba 'yar rakiya ba ce a wannan yaƙin. A 1940 kaɗai an yanke mata ƙasa sau uku: Sobiyet ta karɓe Basarabiya da arewacin Bukobina, Hangari ta karɓe arewacin Transilbaniya, Bulgeriya ta karɓe kudancin Dobruja. Janar Ion Antonescu ya hau mulki, ya bi Hitila, kuma ranar 22 ga Yuni 1941 sojojinsa suna cikin waɗanda aka shirya don auka wa Sobiyet. Man fetur ɗin Ploieshti ne ya riƙe injinan Jamus, shi ya sa jiragen Amurka suka kai masa babban hari ranar 1 ga Agusta 1943. A Stalingrad, rundunonin Romaniya biyu aka ɗora wa gadin gefen Jamusawa, ba tare da isassun bindigogin fasa tanka ba, kuma ta kansu Sobiyet ta ɓalle a ranakun 19 da 20 ga Nuwamba 1942. Ranar 23 ga Agusta 1944 Sarki Mihai ya sa aka kama Antonescu, ƙasar ta juya bindiga kan Jamus. Duk wanda ya ba da labarin wannan yaƙin ya tsallake su, ya bar giɓi, kuma wanda ya cike giɓin ya cancanci jinjina.

Amma a nan rigimarmu take. Rundunar da ake zana wa maɓallin riga da kulawa, ita ce ta shiga Odesa ranar 16 ga Oktoba 1941 bayan ƙawanyar wata biyu. Ranar 22 ga watan bam ya tashi a hedikwatarta, sai aka huce a kan Yahudawan garin, aka kashe dubun dubata cikin 'yan kwanaki, wasu an kulle su a rumbunan ajiya an cinna wuta. Kafin nan, a ƙarshen Yuni, an kashe fiye da 13,000 a garin Yashi. Kwamitin da Elie Wiesel ya jagoranta ya miƙa rahoto a 2004 cewa Yahudawa tsakanin 280,000 zuwa 380,000 ne suka halaka a yankunan da ke hannun Romaniya, ban da 'yan ƙabilar Roma kusan 11,000 da suka mutu bayan an kora su Transnistriya. Gwamnatin ƙasar da kanta ta karɓi rahoton. To idan mod ya kawo mana yaƙin Odesa, ɗan wasa ya ci gari, allo ya nuna masa nasara, aka rufe a nan, an koya masa rabin labari ne da sunan cikakke.

Za a ce mana ai wasa ne kawai. Ba mu yarda ba. Mutumin da ya yi wata da watanni yana binciken kaurin ƙarfen tanka da launin kaki, yana gardama da abokansa a kan wace bindiga aka riƙe a wace shekara, ya riga ya ce shi tarihi yake yi. Ba zai yiwu ya zama masanin tarihi a kan maɓalli ba, in an zo kan gawa kuma ya ce shi ɗan wasa ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za a kuma tambaye mu, so kuke a sa yaro ya riƙa harbin fararen hula a allo? Allah ya kiyaye, ba wanda ya nemi haka. Irin waɗannan wasannin suna da shafin bayani kafin a fara fafatawa da bayan an gama. Jimla uku sun isa a faɗi abin da ya biyo bayan faɗuwar garin. Wanda ya iya zana tanka har da ƙusoshinta ba zai gaza rubuta jimla uku ba, sai dai in bai so.

Akwai kuma masu cewa tunda haka ne a bar Romaniya a waje gaba ɗaya. Su ma mun saɓa da su. Ɗan ƙauyen da aka ɗebo daga gona, ya daskare a bakin kogin Don yana jiran tankar da ba shi da abin tare ta, shi ma gaskiya ne. Share shi ba zai dawo da mutanen Odesa ba, sai dai ya ƙara binne labarin duka. A sa shi, a kuma sa abin da rundunarsa ta aikata.

Me ya shafe mu? Mu ma muna da rundunar da ba a cika gani a allo ba. Kakanninmu sun je Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma Hausa ce harshen bariki a wurin sojojin Nijeriya na lokacin. Mun daɗe muna kukan an manta da su, kuma kukan yana kan hanya. 'Yan mod sun nuna mana cewa ba a jiran kamfani ko maɗaba'a, zama ake yi a yi aikin. Sai dai duk ranar da ɗayanmu ya ɗauki alƙalami zai rubuta wannan runduna, ya tuna cewa tushenta shi ne sojan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato da shi a 1903, suka kuma murƙushe Satiru da shi a 1906, kuma akwai masu jin Hausa a cikin masu riƙe da bindigogin. Abin da muke nema daga mai zana sojan Romaniya, shi za a nema daga gare mu.

Ƙalubalen makon ke nan. Kowa ya zaɓi wani da aka bari a wajen labari, soja ne ko ɗan dako ko mai dafa wa bariki abinci, ya rubuta shafi ɗaya a kansa. Sharaɗi guda ne: a cikin shafin a sami abu ɗaya da jikokinsa ba za su so a faɗa ba, kuma ya kasance kun bincika kun tabbatar da shi. Wanda yake ganin mun zafafa, ƙofa a buɗe take, ya zo da hujjarsa. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.