Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Kafin Ka Sayi Amfilifaya Mai Zaman Kanta

A hutun da ya wuce wani abokina ya gayyace ni gidansu domin in taya shi murnar sabuwar amfilifayar da ya sayo. Kuɗin da ya shekara yana tarawa ya zube gaba ɗaya, don kawai ya ga an rubuta wat 2000 a jikin kwalinta da manyan haruffa. Ya jona ta da wasu lasifikoki biyu waɗanda mahaifinsa ya saya tun yana saurayi, ya sa waƙar Alhaji Mamman Shata, ya murɗa har ƙarshe. Ba a yi minti ashirin ba sai muka ji murya ta shaƙe, amon kalangu ya dushe kamar an lulluɓe shi da bargo. Da muka kai wa mai gyara, sai ya ce ƙananan lasifikokin nan masu fitar da siririn sauti sun ƙone duka biyu, ga shi kuwa irinsu ba a samu yanzu. Wannan hasara ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, lasifikar mutum da girman ɗakinsa su ya kamata su zaɓar masa amfilifaya, lambar da ke jikin kwali kuwa ita ce aba ta ƙarshe da zai duba.

Da farko dai ya kamata mu san abin da ake nufi da amfilifaya mai zaman kanta. Akwatin da muka saba gani a gidaje ayyuka biyu yake yi. Sashe na farko shi ne mai shirya sauti, watau wanda ke zaɓen inda sautin zai fito, ko faifai ko kaset ko rediyo ko wayar hannu, shi ne kuma ke da maɓallin ƙarawa da ragewa. Sashe na biyu shi ne mai ba da ƙarfi, wanda ke karɓar wannan sauti mai rauni ya ƙara masa wutar da za ta iya motsa lasifika. In aka ware sashe na biyun aka ba shi akwatinsa da taransifomarsa, to shi ne amfilifaya mai zaman kanta. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarar 1967 kamfanin Quad na Ingila ya fito da Quad 33 mai shirya sauti da Quad 303 mai ba da ƙarfi, wadda ke ba kowace lasifika wat 45.

Masu goyon bayan rabuwar suna da hujjoji waɗanda ba na musu a kansu. Suna cewa babbar taransifoma tana da zafi da gurnani, nesanta ta daga sashen da ke riƙe da sauti mai rauni yana rage hayaniya. Suna cewa kuma in ɗaya ya lalace, ko mutum ya sami hali, yana iya canja shi ya bar ɗayan. Duk gaskiya ne. Amma fa kada wannan ya sa mu zaci cewa duk akwati biyu ya fi akwati ɗaya. A shekarar 1978 kamfanin NAD ya fito da haɗaɗɗiyar amfilifaya mai suna 3020, wadda wat 20 kacal aka rubuta mata, amma ta yi suna a duniya saboda tana iya ɗaukar lasifikoki masu wuyar sha'ani. Har ila yau, a 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji inda aka daidaita ƙarar amfilifayoyi masu tsada da masu araha, aka ɓoye wa masu sauraro wadda ke aiki, sai suka kasa bambanta su da tabbaci. Saboda haka wanda haɗaɗɗiyar amfilifayarsa ke cika masa ɗaki ba tare da shaƙewa ba, in ya sami kuɗi gara ya sa su a lasifika mai kyau.

To, wanda kuwa ya tabbata yana da bukata, ta ina zai fara? Sai ya fara da lissafin wat, domin a nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Ana auna ƙarar sauti da desibel, kuma kowace lasifika ta kirki akan rubuta mata yawan desibel ɗin da take fitarwa in an ba ta wat ɗaya aka tsaya nisan mita ɗaya. Mu ɗauki mai desibel 88. Duk lokacin da aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kaɗai ake ƙarawa. Ke nan wat 2 zai ba da 91, wat 4 ya ba da 94, wat 8 ya ba da 97, har wat 64 ya kai 106. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sau biyu, sai an ƙara kamar desibel 10, watau sai an ninka wat sau goma. Ashe wanda ya bar mai wat 50 ya sayi mai wat 100, ɗan bambanci kaɗan ya saya da kuɗi masu yawa. Wanda kuwa ya sami lasifika mai desibel 91 maimakon 88, ya sami wannan bambanci ba tare da ya taɓa amfilifayarsa ba.

Mai karatu na iya tambaya, in wat ɗaya na ba da wannan ƙara, mene ne amfanin sauran? Amfaninsu shi ne tanadi domin lokacin bukata. Kiɗa ba ya tafiya bai ɗaya. Sa'ad da makaɗi ya saukar da gula a kan tambari ko kalangu, ƙarar wannan bugu na ɗan lokaci tana iya ɗara matsakaicin sautin da desibel 10 zuwa 20, watau amfilifayar da ke tafiya a kan wat ɗaya ana iya nemanta da wat 10 zuwa 100 cikin ƙiftawar ido. In ba ta da su, sai ta datse kan sautin, ya fito a murguɗe, kuma wannan murguɗaɗɗen sauti shi ke tura wa ƙaramar lasifika wutar da ta fi ƙarfinta har ta ƙone. Abin da ya sami abokina ke nan. Raunin amfilifayarsa da ya matsa wa lamba ne ya yi ɓarnar, shi kuwa yana tsammanin ƙarfi ne ya yi mata yawa.

Abu na biyu shi ne om, watau ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Akasarin lasifikokin gida om 8 ko 6 ko 4 ne, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon yawan wutar da take zuƙa. Amfilifaya mai ƙashin arziki in ta ba da wat 60 a kan om 8, za ta ba da fiye da haka nesa a kan om 4. Wadda aka yi shiru game da om 4 a takardarta, kada a haɗa ta da lasifika mai om 4, kada kuma a jona mata lasifikoki biyu a mafita ɗaya, domin masu om 8 guda biyu in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa om 4 suke komawa.

Abu na uku shi ne gaskiyar lambar kanta. Ƙarin gishirin masu talla ya kai har a 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka cewa dole a faɗi ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore, tare da om ɗin da aka auna a kai da yawan murguɗewar sauti. Lambar da ake bi da haruffan PMPO ba ta da wani tsayayyen ma'auni, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Hanya mai sauƙi ta gane ƙarya ita ce a juya bayan na'urar a karanta wutar da take sha daga bango. Ta abokina wat 60 aka rubuta. Wanda ya auno tiya ɗaya ina zai ciyar da buhu?

Bayan waɗannan, akwai abin da ya shafi inda muke zaune. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka kayan gwanjo da aka yi domin can in aka soka su kai tsaye nan take suke ƙonewa. Wutar ma ba ta tsayawa wuri ɗaya, balle ta janareto, don haka kuɗin sitabilaiza na cikin kuɗin amfilifaya. Ga kuma zafin bazara. Amfilifaya ta ajin A tana ƙona wuta ko ba a sa kome ba, mafi yawanta kuma zafi take zama. Ta ajin AB ta fi ta tattali, ta ajin D kuwa tana iya mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa ga lasifika, shi ya sa ta fi dacewa da mai amfani da batir da hasken rana. A tabbata kuma na'urar da ke gida tana da mafitar da aka rubuta wa Pre-out, in ba haka ba sai an sayi mai shirya sauti dabam. Wajen kunnawa amfilifayar ƙarfi ita ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.

Daga ƙarshe ina tunatar da mu cewa akwai abin da ya fi lasifika tsada. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade desibel 85 na awa takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 kwata ɗaya na awa ya isa. Mu da aikinmu ya rataya a kan rarrabe karin sama da na ƙasa, da dogon wasali da gajere a bakin mawaƙi, in kunne ya tafi babu mai gyaran da zai mayar da shi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kamata ya kori gani. Ka tafi da waƙar da ka sani sarai, ka nemi a jona maka irin lasifikarka, ka saurara a ƙarar da za ka iya hira a cikinta. In mai kanti ya ƙi, ka riƙe kuɗinka ka gwada gaba.