Shafin Farko Ba Wurin Ado Ba Ne

Darussan Hausa da ake sakawa a intanet, da yawansu a kan takarda suke ƙarewa. Ɗalibi a Damagaram ko Maraɗi yakan kai su shagon buga takardu, ya biya kuɗin kowane shafi, ya ninke ya sa a jaka. Sai dai masu rubuta darussan ba kasafai suke duba yadda shafin farko zai fito ba bayan ya bar allon kwamfuta.

Kayan aikin kuwa ba sabo ba ne. CSS, wato ƙa'idojin da ke tsara fasalin shafin intanet, ya samu dokar @page tun 1998, a kashinsa na biyu. Da ita ake ƙayyade faɗin gefen takarda. In aka haɗa ta da :first, umarnin ya tsaya kan shafin farko kaɗai. A cikin @page ɗin ake faɗin girman takarda, kuma A4 ya kamata a zaɓa, mai milimita 210 da 297, domin takardar da aka saba da ita a Amurka ta fi ta gajarta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da wannan shafi bango: hoto mai launi, take da manyan haruffa, sauran fili fayau. Ɗalibi ya biya kuɗin shafi guda, bai karanta komai ba. Gara a sakar wa saman shafin fili kaɗan, a sa take, sunan marubuci da kwanan wata, darasi ya fara nan take.

Babbar matsalar tana cikin taken kansa. Salon haruffan ado da ake so a yi take da shi sau da yawa ba ya ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, balle manyansu, Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ. Manhajar buɗe shafi sai ta aro harafin daga wani salo, ya fito kamar baƙo a tsakiyar kalma, ko ta bar ɗan akwati a gurbinsa. Daga nan wani marubucin yakan share lanƙwasar don take ya yi kyau, ƙofa ta koma kofa, ɓarawo ya koma barawo, a layin da mai koyo zai fara karantawa. Charis SIL da Gentium suna da waɗannan haruffa duka, kuma kyauta ne; dokar @font-face tana iya tura su tare da shafin.

A ƙarƙashin take akwai wurin layi ɗaya da zai faɗi ƙa'idar rubutun da aka bi, ta Nijar mai ƴ ko ta Nijeriya mai 'y, da ko an sa alamar karin sauti.

Wanda ya haɗa darussa goma a shafin intanet ɗaya ya sani cewa :first shafin farkon takardar duka take nufi, sau ɗaya. Kowane darasi da ake so ya buɗe sabon shafi, sai an ba shi break-before: page nasa.