Gudun mota ilimi ne, ba ƙarar salansa ba

Duk mai bin titunan Barnawa ko Kakuri ya san su: samari masu fasa salansar mota, su ɗaura mata fiffike a baya, su ce sun ƙara mata wuta. Hayaniya kawai suka ƙara.

Aikin fiffiken shi ne danna mota ƙasa don tayoyi su kama titi, kuma sai ana gudu sosai yake amfani. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska takan ninka huɗu. Shi kuwa inji, kwamfutarsa ce ke auna mai da iska da lokacin tartsatsin fulogi. Wanda ya taɓa ta da ka, injinsa zai buga.

Wannan fanni ba baƙonmu ba ne. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, kuma a shekarar ce Peugeot 504 ta lashe tseren Safari a Kenya. A Ingila, ɗaliban jami'a ke ƙera motar tsere da kansu don gasar Formula Student.

A ganina lokaci ya yi da cibiyoyin koyar da aikin mota na Kaduna za su buɗe kwas na saita inji da ilimin iska, da filin gwaji nesa da jama'a.

Kafin nan, fara da wayarka. Sayi na'urar OBD2 mai Bluetooth, ka sauke manhajar Torque, ka koyi karanta zafin inji da juyinsa. Titin unguwa dai ba filin tsere ba ne. Yaranmu ke tsallaka shi.