Ba ranar bak ake nuna wa yaro hanya ba

Duk shekara, idan aka bayyana sakamakon jarrabawar bak a Damagaram, guɗa takan tashi a wasu gidajen Birni da Zango da Sabon Gari, a yanka kaji, ƴan'uwa su yi ta zuwa barka. Kafin wata ya zagayo murna ta lafa, sai uba ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ubansa, kowa yana jiran ɗaya ya faɗi abin da za a yi gaba. Daga nan ne ake shiga neman wani kawu da ke aiki a Yamai, ko wani maƙwabci da ya taɓa zama a jami'a, domin ya ba da shawara cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar da ake yi wa yaro bayan bak, shekara 3 ke nan da wucewar lokacinta, domin kuwa an riga an amsa ta a madadinsa tun ranar da ya samu brebe.

Ga yadda abin yake gudana. Yaro ya gama aji 4 na kwaleji, ya ci jarrabawar BEPC, sai a duba makinsa da shekarunsa da yawan gurabun da ake da su, a tura shi ajin farko na lise, ko dai ɓangaren A na adabi da harsuna, ko ɓangaren C na lissafi da kimiyya, wanda daga baya yake rabuwa zuwa C da D. Takardar zaɓin da ake miƙa masa ya cika, sau da yawa cikin hayaniyar ƙarshen shekara yake cika ta, yana leƙen abin da abokinsa ya rubuta. Uba kuwa, idan ɗan kasuwa ne da bai yi lakwal ba, bai ma san an yi wannan rabo ba. Alhali harafin nan guda shi ne zai yanke, bayan shekara 3, ko yaron yana da ikon neman karatun likita ko na injiniya, ko kuwa ƙofar ta rufe masa. Yaro mai shekara 15 ko 16 ake bari shi kaɗai da hukuncin da zai bi shi har tsufa.

Wannan sakaci yana da tarihi. Makarantar da Turawan mulkin mallaka suka kafa, tun zamanin da Damagaram take hedkwatar ƙasa kafin a maida ita Yamai a 1926, an gina ta ne domin samar da magatakarda da tafintoci. Bayan samun mulkin kai a 1960, musamman a shekarun 1970 da kuɗin yuraniyom suka shigo, gwamnati ce take tsara komai: ita ke ba ɗalibi bursi, ita ke zaɓa masa fanni, ita ke jiransa da aiki ranar da ya dawo da difloma. Wanda ya fito daga Lise Amadu Kuran Daga a wancan zamani ba ya bukatar mai ba shi shawara, tunda hanya ɗaya ce, kuma a share take. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya suka kawo tsarin tsuke bakin aljihu. Ranar 9 ga watan Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu, amma bai cika baitulmali ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20. Ma'aikatan da suka rayu a wancan lokaci ba su manta da watannin da suka yi ba albashi ba. Ɗaukar aiki kai-tsaye ta tsaya, aka koma cika azuzuwa da malamai ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantiragi. Fiye da shekara 30 ke nan da rushewar wancan alkawari, amma har yanzu lise yana kora yara zuwa ƙofar da aka daɗe da ƙuntatawa.

Uwaye ma suna da nasu kason laifin, kuma iri biyu ne. Ma'aikacin gwamnati, wanda ya fi kowa sanin yadda albashi yake ƙarewa kafin tsakiyar wata, shi ne yake jin kunya a ce ɗansa ya tafi makarantar koyon sana'a. Ya fi son yaron ya yi shekara 5 ko 6 yana karatun shari'a ko ilimin zamantakewa, ya yi bautar ƙasa ta shekara 2, sannan ya zauna jiran gasar ɗaukar aiki wadda dubbai suke rububin gurabu kaɗan. Ɗan kasuwar Zango kuwa yana kallon wannan, ya ga ɗan maƙwabcinsa mai digiri yana roƙon kuɗin shayi, sai ya yanke cewa boko asarar lokaci ne, ya cire nasa ɗan daga aji ya zaunar da shi a shago. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Ma'aikaci bai yi kuskure ba da ya ce ilimi jari ne, ya dai ɗauka kujerar gwamnati ce kaɗai kasuwarsa. Ɗan kasuwa ma bai yi ƙarya ba da ya ce takarda ba ta ciyar da mutum, sai dai ya manta cewa duk shekara yana biyan wasu kuɗi masu yawa domin su cika masa takardun duwan, su lissafa masa haraji, su rubuta masa wasiƙa zuwa Dubai ko Sin, aikin da ɗansa zai iya yi da an tura shi karatun lissafin kuɗi ko na sufuri. Dukiyoyi nawa ne suka watse a garin nan bayan rasuwar mai su, saboda komai a kansa yake, ba a littafi ba?

Abin takaici shi ne hanyoyin suna nan, sanarwa ce babu. Da can wanda ya ci bak sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Tun 2010 Damagaram tana da jami'arta, wadda daga baya aka raɗa wa sunan André Salifou, masanin tarihin nan ɗan garin da ya shugabanci Taron Ƙasa, kuma a cikinta akwai tsangayar ilimin lafiya da ta kimiyya, da cibiyar IUT mai gajeren karatu na fasaha. A garin nan akwai makarantar ma'aikatan lafiya ta ENSP, da makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed. A Maraɗi akwai Lise Teknik Ɗan Kasawa, wanda ake shiga da brebe. A Kollo akwai IPDR mai horar da malaman gona da na raya karkara, a Yamai akwai EMIG mai koyar da aikin ma'adinai da masana'antu. A ƙananan hukumomi an buɗe cibiyoyin koyon sana'a na CFM. Ya kamata shugabannin makarantu su gwada tambayar ɗaliban ajin ƙarshe na kwaleji su lissafa 3 daga cikin waɗannan, tare da sharuɗɗan shiga. Amsar da za su samu ta ishe su hujja.

Sannan a dubi abin da jahar take nema. A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a kan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, wadda kamfanin CNPC na Sin yake da kashi 60 cikin 100, Nijar take da 40. A 2024 ɗanyen man Agadem ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. Ana iya rubuta doka a ce a fifita ƴan ƙasa wajen ɗaukar aiki, kuma daidai ne a rubuta ta, amma doka ba ta yin walda, ba ta gyara injin. Idan babu ɗan Damagaram da ya iya, za a kawo wanda ya iya daga wani wuri, ɗan gari ya tsaya gadi a bakin ƙofa. Haka zancen ruwa yake: garin da ya yi shekaru aru-aru yana fama da ƙishirwa, yana janyo ruwa daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, ya kamata a ce kowace shekara yana tura ƴaƴansa karatun haƙa rijiyoyin burtsatse da gyaran famfuna masu aiki da hasken rana. Fatun da majeman garin suka yi suna da su, yawanci ɗanyu ko rabin gyara suke ƙetara iyaka, ribar ta tafi ga wanda ya ƙarasa aikin. Kano kuma ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma tun watan Maris 2025 Ingilishi ya zama harshen aiki a ƙasa tare da Faransanci. Yaron da ya yi wasa da darasin Ingilishi a lise, da hannunsa ya rage wa kansa kasuwa.

Akwai kuma waɗanda ba a yi musu guɗa. A shekarun 2021 da 2023, kimanin ɗaya bisa huɗu ne kawai na waɗanda suka zauna bak a ƙasar suka ci. Sauran ukun ina suka nufa? Wasu sun maimaita, wasu sun hau kabu-kabu, wasu sun bi hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, wasu suna fada daga safe har dare. Matashin da ya yi shekara 13 a kan benci, ya fito ba takarda ba sana'a, ya girmi zama ɗan koyo a wajen makaniki, kuma yana ganin ya fi ƙarfin gona, shi ne wanda kowane mai neman tada fitina yake samu da araha. Mutanen Damagaram sun ga abin da ƙungiyoyin matasa marasa aikin yi suka iya aikatawa a unguwanni. Jahar ita ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum sama da miliyon 3 da rabi, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Da an gaya wa da yawa daga cikinsu gaskiya tun a brebe, an nuna musu makarantar fasaha ba tare da wulaƙanci ba, da yanzu suna da shago da yara a ƙarƙashinsu.

Rashin mai ba da shawara ya buɗe kasuwa ga wasu. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, a cikinsu akwai na kirki, akwai kuma waɗanda allon ƙofarsu ya fi ɗakin karatunsu girma. Ɗan kasuwar da ba zai sayi buhun wake ba sai ya soka masa ƙarfe ya gani, shi ne yake zuba jika ɗari-ɗari a makarantar da bai tambayi ko tana da izinin gwamnati ba, ko hukuma ta amince da diflomarta, ko ɗalibanta na baya sun samu aiki. Wanda zai tura ɗansa jami'a a Najeriya ko wata ƙasa, ya fara bincika ko za a daidaita takardar idan ya dawo gida. Matambayi ba ya ɓata.

Ƴan mata sun fi kowa cutuwa. Yarinyar da ta tsallake dukan tarnaƙi ta kai lise, abu biyu ake nuna mata: ungozoma ko malama. Ayyuka ne masu daraja, jahar kuma tana bukatarsu ƙwarai, amma yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinta tana da haƙƙin ta ji cewa akwai mata likitoci da injiniyoyi da masu haɗa magani. Uban da bai ga inda karatun ƴarsa ya dosa ba, shi ne yake saurin karɓar sadaki. A nuna masa ƙarshen hanyar da tsawonta da kuɗinta, sai ya yi haƙuri.

Wani zai ce shawara ba ta haifar da aiki, idan babu masana'antu ko an yi taro dubu banza ne. Gaskiya ne, shawara ba za ta gina masana'anta ba. Sai dai ko guraben da ake da su ba a cika su da ƴan gari ba, kuma mai gyaran lantarki ko mai awon filaye ba ya jiran gwamnati ta ɗauke shi. Wani kuma zai ce yaro bai san abin da yake so ba. Dalilin ke nan da ya sa ake zama da shi. Ayarin da yake tashi daga Zango zuwa Agadas da Tarabulus a zamanin su Malam Yaro ba ya ɗaga ƙafa sai da madugu wanda ya san rijiyoyin hanya. Sarki Tanimun kuwa a garin nan ya sa maƙera suka zuba masa igwa, bai ɗauki aikin hannu ƙasƙanci ba.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin bikin aure ɗaya na masu hali ba. Kowace kwaleji da kowane lise su ware malami guda, a horar da shi, a rage masa awoyin koyarwa, ya zama aikinsa ne sanin makarantu da sharuɗɗansu da ranakun gasa da hanyar neman bursi a ANAB. Kafin a cika takardar zaɓi, a kira uwaye taro, a yi musu bayani da Hausa, kada wata takarda ta wuce ba tare da uba ko uwa sun ji ma'anar harafin da ke cikinta ba. Majalisar ƴan kasuwa da tsofaffin ɗaliban Kuran Daga su ɗauki nauyin yini guda a shekara, inda likita da mai walda da ma'aikacin matata da mai fiton kaya za su tsaya gaban yara, kowa ya faɗi shekarun da ya yi yana koyo, da abin da yake samu, da wahalar da ke ciki. Masu shaguna da gareji da biro su karɓi ɗalibai mako 2 ko 3 lokacin babban hutu. Gidajen rediyon gari su ba da fili a watannin da ake cika takardu. Jami'a da sauran makarantu su riƙa bayyana yawan waɗanda suka yaye da inda suka ƙare, domin uba ya san abin da yake saye.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake jiran sa hannun minista. Ƙungiyoyin uwayen yara suna zama duk shekara a kan kuɗin benci da alli. A zamansu na gaba, su sa wannan magana a farkon ajanda, su tambayi shugaban makaranta sunan malamin da zai zauna da ƴaƴansu kafin brebe.